Tauraron Ɗan'adam Yana Ganin Hadari, Amma Wa Ke Auna Ruwan Rijiyar Zaki?

A duk shekarar manomin ƙasar Kano babu shawarar da ta kai ta ranar shuka tsada. Ruwan farko kan sauka a ƙarshen watan Mayu ko cikin Yuni, ƙasa ta yi ƙamshi, kowa ya ɗauko sungumi. Idan ruwan ya ɗore, wanda ya riga shuka shi zai riga cin tumu. Idan kuwa sama ta ɗauke na mako biyu ko uku, sai tsiro ya ƙone, iri ya salwanta, a sake shuka da irin da aka ranto ko aka saya da tsada, ga kuma damina ta ragu da kwanakin da ba za su dawo ba.

Wannan shawara ta fi nauyi a wuri irin Rijiyar Zaki da ke ƙaramar hukumar Ungogo da ƙauyukan da ke bayanta. Yankin yana cikin zoben nan na gonaki masu cunkoso da ya kewaye birnin Kano, wanda masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinsa tun shekarun 1960: gonaki ƙanana, kowace a nome ta duk shekara ba hutu, a riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da na bola. Yau birni yana cinye gonakin daga gefe guda, gado yana rarraba su daga ɗaya gefen. Mai kadada ashirin zai iya yin kasada da biyu. Wanda duk abin da ya mallaka bai cika kadada ɗaya ba, kuskure guda ya isa ya sa rumbunsa ya ƙare kafin bazara.

Ra'ayina shi ne, ilimin hasashen yanayi ya kai matsayin da zai rage wa wannan manomi kasada sosai, kuma mafi tsadar kayan aikin, wato taurarin ɗan'adam da manyan kwamfutoci, wasu ƙasashe sun riga sun biya kuɗinsu. Abin da ya rage a wuyanmu abu ne mai araha, shi ne kuma muka yi wa riƙon sakainar kashi: auna ruwan da ya sauka a ƙasa, da isar da hasashe ga mai gona a harshensa kafin ya yanke shawara. Kafin a ga dalilin wannan ra'ayi, sai an fahimci yadda hasashen ke aiki.

Layin da ke kan taswira

Taswirar yanayi hoto ne na halin da iska ke ciki a lokaci guda a wurare masu yawa. Ba ta yiwu ba sai da wayar tangarahu ta samu a ƙarni na 19, domin sai labari ya fi hadari sauri kafin gargaɗi ya yi amfani. A Turai abin da ake dubawa a taswira shi ne nauyin iska, saboda inda nauyin ya faɗi nan ne guguwa ke ƙulluwa. A ƙasashenmu na kusa da tsakiyar duniya nauyin iska ba ya sauyawa sosai daga rana zuwa rana, don haka masanin yanayi a Kano ko Yamai yakan fi zuba ido kan inda iska ta dosa da yawan danshin da ke cikinta.

Iska biyu ce ke ja-in-ja a kan Afirka ta Yamma. Ɗaya busasshiya ce daga arewa maso gabas, ita ce iskar hunturu da ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ɗayar kuma mai danshi ce daga kudu maso yamma, daga tekun Atlantika. Inda suka haɗu ana zana layi a taswira daga gabas zuwa yamma. A watan Janairu layin yana can kusa da gabar teku, daga nan sai ya riƙa hawowa arewa har ya kai cikin Sahara a watan Agusta, sannan ya koma kudu da sauri. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Idan layin ya wuce ta, sai a ji iska ta juya, dare ya yi gumi, gajimare ya fara taruwa. Amma ruwa na sosai ba ya sauka a kan layin, sai can baya da shi, inda iska mai danshi ta yi kauri, tazarar ɗaruruwan kilomita. Wannan ne asalin yaudarar farkon damina: layin ya leƙo arewa, a sami ruwa ɗaya mai kyau, sai ya ja da baya.

Abu na biyu a taswirar, kowane Bahaushe ya san shi tun yana yaro: hadari daga gabas yake zuwa. Dalili kuwa, a tsayin kilomita 3 zuwa 4 akwai wata iska mai ƙarfi da ke kwarara daga gabas zuwa yamma a lokacin damina. Tana tafe tana lanƙwasa kamar igiyar ruwa, kowace lanƙwasa ta wuce cikin kwana 3 zuwa 5, shi ya sa ake ganin an jera kwanaki ana ruwa, a jera wasu ba a yi. Manyan haduran da ke kawo mafi yawan ruwan Sahel sukan taso da la'asar a kan tuddai, irin su tsaunukan Jos da na Azbin da na Darfur, su haɗe su zama jeri mai tsawon ɗaruruwan kilomita, su nufo yamma da gudun kusan kilomita 50 a awa guda. Hadarin da ke kan Azare da magariba zai iya isa Kano kafin a raba dare.

Ido a sama, lissafi a kwamfuta

A ranar 1 ga Afrilu 1960 Amurka ta harba tauraron ɗan'adam na farko mai ɗaukar hoton gajimare. Turai ta harba nata, Meteosat, a 1977. Jerin taurarin Meteosat suna tsaye a tsayin kilomita 36,000 a saitin tekun da ke kudu da Ghana, suna juyawa tare da duniya, don haka kullum wuri ɗaya suke kallo. Turawa ne suka biya, amma Afirka ta Yamma ce ke ƙarƙashin idon kai tsaye. Sabon samfurin da aka harba a Disamba 2022 yana ɗaukar hoton nahiyar duk bayan minti 10, yana kuma ɗauke da na'urar da ke ƙirga walƙiya.

Tauraron ba ruwa yake gani ba, saman gajimare yake gani da sanyinsa. Gajimaren da ya yi tsawo kansa kan yi sanyi ƙwarai, kuma irinsa ne ke zubar da ruwa. Daga tsawon lokacin da gajimare mai sanyin kai ya ɗauka a kan wani wuri ake ƙiyasta yawan ruwan da ya sauka. Masana a Jami'ar Reading ta Ingila suna yi wa Afirka irin wannan ƙiyasi tun shekarun 1980. Sai dai ƙiyasin ba ya tsayawa da ƙafarsa sai an daidaita shi da abin da ma'aunai suka tara a ƙasa.

Ɗaya ginshiƙin shi ne lissafi. Iska tana bin ƙa'idojin motsi da na zafi, kuma ana iya rubuta su da lambobi. Wani Bature ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya gwada yin lissafin da hannu, ya wallafa sakamakon a 1922. Hasashen awa shida ya ci masa makonni, bai kuma yi daidai ba, har ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin a riga yanayi sauri. A 1950 kwamfutar ENIAC ta Amurka ta yi hasashen kwana ɗaya cikin kusan kwana ɗaya. Yau cibiyar hasashe ta ƙasashen Turai, wadda aka kafa a 1975, tana yanka sararin duniya gida-gida, kowane gida faɗinsa kusan kilomita 9, ta zuba masa rahotannin taurari da jiragen sama da na ruwa da tashoshin ƙasa da balan-balan masu ɗauke da na'urori, sannan ta lissafa abin da zai biyo baya.

A 1963 Edward Lorenz ya nuna cewa ɗan ƙaramin kuskure a awon farko yakan girma har ya ɓata hasashe gaba ɗaya, kuma saboda haka hasashen rana-rana ba ya wuce kusan mako biyu. Maganin da aka samo shi ne maimaita lissafin sau da yawa, kowane karo a ɗan sauya lambobin farko. Cibiyar Turai tana yin haka sau 51. Idan 40 daga ciki suka nuna ruwa, sai a ce yiwuwar ruwa ta kai kusan kashi 80 cikin 100. Daga nan waɗannan alƙaluma suke fitowa.

Inda fasahar ke tuntuɓe

Duk wannan ci gaba bai amfani ƙasashenmu kamar yadda ya amfani Turai ba. A 2018 masana daga Karlsruhe ta Jamus suka gwada hasashen ruwan sama na manyan cibiyoyin duniya a kan arewacin Afirka mai zafi, har da Sahel. Abin da suka gano ya girgiza masu wannan fanni: ɗanyen hasashen ruwan gobe, kamar yadda yake fitowa daga kwamfuta, bai fi wanda za a samu ta duba tarihin ruwan wurin a irin wannan lokaci na shekara ba. Sai da aka gyara shi da bayanan ma'aunai sannan ya kamo wannan mizani. Wannan ɗanyen hasashe shi ne galibi manhajojin waya ke nunawa, da hoton gajimare da ɗigon ruwa a kan sunan Kano, ba tare da wani masani ya duba shi ba.

Dalili na farko shi ne girman hadarinmu a farkon tasowarsa. Yakan fara ne da gajimare mai faɗin 'yan kilomitoci, ƙasa da gida ɗaya a lissafin kwamfuta, don haka kwamfutar sai dai ta yi kirdado. Sakamakon shi ne takan ba da yayyafi kusan kullum da rana tsaka, alhali a zahiri ruwan yakan zo da ƙarfi, jefi-jefi, da yamma ko cikin dare.

Dalili na biyu shi ne ƙarancin awo. Hukumar Yanayi ta Duniya ta daɗe tana cewa tashoshin awon yanayi a Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na mafi ƙarancin abin da ake buƙata ba. Wani ƙidaya da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa Amurka da Tarayyar Turai suna da na'urorin rada 636 masu hango ruwa a cikin hadari, Afirka kuwa, wadda ta fi su yawan jama'a, tana da 37. Kwamfutar da ba a gaya mata halin da sama ke ciki yau a kan Zinder da Nguru ba, ba za ta faɗi na gobe a Kano daidai ba.

Dalili na uku ya fi shafar Rijiyar Zaki. Ruwan Sahel ba ya rabuwa daidai. Daga 1990 masana daga Faransa da Nijar suka jera ma'aunai kusan 100 a kewayen Yamai, suka tarar cewa wurare biyu masu tazarar kilomita 10 kan iya bambanta da fiye da milimita 100 a damina guda. Babbar tashar Kano, wadda rahotonta ke shiga jerin na duniya, tana filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, kimanin kilomita 10 daga Rijiyar Zaki. Kano tana da tarihin awon ruwa tun 1905, abin alfahari ne, amma tarihin wuri ɗaya ne. Idan aka ce an sami milimita 30 a Kano daren jiya, mai gona a bayan Rijiyar Zaki zai iya tona ƙasa ya tarar da ita a bushe. Hausawa sun ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa.

Hasashe iri uku, kowane da aikinsa

Yawancin saɓanin da ke tsakanin manomi da masanin yanayi ya taso ne daga cakuɗa hasashe iri uku.

Na farko shi ne na damina gaba ɗaya. Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, NiMet, wadda doka ta kafa a 2003, tana fitar da shi a farkon kowace shekara: lokacin da ake sa ran faɗuwar damina da ɗaukewarta, da tsawonta, da yawan ruwa, da inda ake tsoron tsaikon ruwa. A Yamai ma cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin 1973, tana tara masanan yankin duk shekara don irin wannan aiki. Tushen wannan hasashe shi ne zafin saman teku, domin teku ba ya sauyawa da sauri. Idan gabashin tekun Fasifik ya yi zafi, abin da ake kira El Nino, sau da yawa ruwan Sahel kan ragu. Idan Bahar Rum ya yi zafi, yakan ƙaru. Irin wannan hasashe yana taimakawa wajen zaɓen iri da tanadin abinci, amma ba zai faɗi ranar shuka ba.

Na biyu shi ne na kwana uku zuwa goma. Ko da yake yana da rauni wajen faɗin ruwan ƙauye guda a rana guda, yana iya nuna ko makon da ke tafe mai danshi ne ko busasshe a faɗin yanki. Nan ne amfaninsa ga mai shuka. A 1988 wani masani a cibiyar ICRISAT ta Nijar, Sivakumar, ya fitar da ma'anar faɗuwar damina da ake amfani da ita har yau: a sami aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere bayan 1 ga Mayu, kuma kada a yi fiye da kwana 7 ba ruwa cikin kwana 30 da suka biyo baya. Rabin farko na wannan sharaɗi ma'auni ne zai faɗe shi, rabi na biyu kuma hasashe. Manomin da ke da su biyun ya fi wanda ba shi da ko ɗaya.

Na uku shi ne na awa biyu zuwa shida, kuma a nan ne fasahar ta fi ƙarfi a ƙasarmu. Tunda manyan hadura sukan daɗe a raye kuma hanyarsu sananniya ce, wanda ke kallon hoton tauraro zai iya cewa hadarin da ke kan Haɗeja zai iso nan da awa uku. Wani shiri na haɗin gwiwa da Jami'ar Leeds ta jagoranta daga 2017, wanda NiMet ke ciki, ya horar da masana a kan wannan. Awa uku sun isa a kwashe gyaɗar da aka shanya, a shigar da dabbobi, a fasa zuba takin zamani da ruwa zai wanke, a fitar da yara daga ɗakin ƙasa da ya jiƙe a lokacin marka.

Ja guda uku da suka cancanci amsa

Akwai masu cewa faɗin ruwan gobe shiga gaibu ne. Wannan damuwa ce ta masu kishin addini, bai kamata a yi mata dariya ba. Amma kakanninmu sun karanta alamu ba tare da sun ga saɓani da imaninsu ba. Sun lura da zuwan shamuwa, da gawo da ke kaɗe ganye idan damina ta kusa, da juyawar iska, malamai kuma sun riƙe lissafin taurari na noma. Wanda ya ga gabas ta yi baƙi ya ce a kwashe shanya bai yi da'awar sanin gaibu ba. Tauraron ɗan'adam ya tsawaita wannan kallo ne daga iyakar ido zuwa iyakar Chadi. Mai hasashe na gaskiya ba ya cewa tabbas, yiwuwa yake faɗi, hukunci kuma na Allah ne.

Ja na biyu shi ne cewa hasashen yana kuskure. Haka ne, kuma an ga dalilan a sama. Amma wani ɓangare na abin da ake kira kuskure rashin fassara ne. Kashi 70 cikin 100 na nufin cewa a cikin kwanaki goma masu irin wannan alama, bakwai ana ruwa, uku ba a yi. Idan mai gabatar da shiri a rediyo ya mayar da shi "za a yi ruwa gobe", to ya ɗora wa hasashen alkawarin da bai ɗauka ba, ranar da ba a yi ba kuma amana ta zube. Manomi ba baƙon lissafin yiwuwa ba ne. Wanda ke haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya, ko ya yi binne a rabin gona ya bar rabi, ya riga ya san rarraba kasada.

Ja na uku shi ne mafi nauyi: me sani zai amfana wa wanda ba shi da zaɓi? Idan aka ce damina za ta yi gajarta, amma irin da ke hannunsa mai dogon zango ne, kuɗin wani kuma babu, an ƙara masa damuwa ne kawai. Wannan gaskiya ce, kuma tana nuna cewa hasashe ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai geron Sosat mai saurin nuna, akwai waken da cibiyar IITA ta Kano ta fitar mai nuna cikin kusan wata biyu. Dole hasashen farkon shekara ya isa ga masu sayar da iri da hukumar KNARDA da wuri, yadda irin da ya dace zai kasance a kasuwa kafin ruwan shuka. Duk da haka akwai shawarwarin da ba sa cin ko kwabo: jinkirta shuka da kwana biyar, ko jinkirta zuba taki da kwana biyu. Ga wanda ya sayi buhun taki da dubun-dubatar naira, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya kamata a yi

Matakin farko shi ne ma'auni. Ma'aunin ruwan sama na roba, gwangwani ne mai zane, kuɗinsa bai kai na buhun taki ɗaya ba. Milimita ɗaya a cikinsa daidai take da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita, wato lita 10,000 a kadada. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. A kafa ma'auni ɗaya a kowace mazaɓa, a makarantar firamare ko ƙofar gidan dagaci, a ɗora wa mutum guda alhakin karanta shi kowace safiya a lokaci ɗaya, ya aika lambar ta saƙon waya, a kuma biya shi ɗan alawus a kan kari. Ba sabon tunani ba ne. Ƙasar Mali ta fara raba wa manoma ma'aunai tun 1982, tare da jadawalin da ke nuna yawan ruwan da ya isa a yi shuka. Cikin 'yan shekaru Kano za ta mallaki taswirar ruwanta ta kanta, wadda za a gyara ƙiyasin tauraro da hasashen kwamfuta da ita. Jami'ar Bayero, wadda sabon mazauninta ke maƙwabtaka da Rijiyar Zaki, tana da Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna da za ta iya riƙe bayanan.

Wannan buƙata ƙaruwa za ta yi da zuwan ƙirƙirarriyar basira. A 2023 kamfanin Google DeepMind ya nuna manhajar da ke fitar da hasashen kwana goma cikin ƙasa da minti ɗaya, a 2025 kuma cibiyar Turai ta fara aiki da irin tata. A 2025 ɗin ne kuma Indiya ta aika wa manoma miliyan 38 hasashen faɗuwar damina ta waya, wanda aka samar da irin waɗannan manhajoji. Sai dai daga tarihin awo suke koyo. Yankin da bai rubuta ruwansa ba, ba shi da abin da zai koyar da su.

Mataki na biyu shi ne isar da saƙo. NiMet tana ƙarƙashin ma'aikatar sufurin jiragen sama, kuma wannan ya nuna wanda aka gina ta dominsa tun asali. Lokacin da ma'aikatanta suka tafi yajin aiki a Afrilu 2025, labarin da ya cika kafafen yaɗa labarai shi ne na jiragen da suka fasa tashi, ko da yake damina na bakin ƙofa. Hukumar ta yi ƙoƙari wajen fassara hasashen shekara zuwa Hausa, amma littafin da aka ƙaddamar a Abuja ba ya kai kansa gona. A Senegal, daga 2011, hukumar yanayi ta fara zama da manoman Kaffrine kai tsaye, sannan aka faɗaɗa aikin ta gidajen rediyon al'umma a harsunan gida. Kano ba ta rasa gidajen rediyo ba. Abin da ake buƙata shi ne minti biyar tsayayyu kowace rana daga Mayu zuwa Oktoba, bayan asuba da bayan magariba, a faɗi ruwan da aka auna jiya mazaɓa-mazaɓa, da yiwuwar na kwanaki masu zuwa, da abin da malamin gona ke ba da shawara. Gargaɗin awa uku kuma a tura shi ta saƙon murya, saboda wanda ba ya karatun boko.

Mataki na uku shi ne hisabi. A ƙarshen kowace damina a fito fili a faɗa wa jama'a, a rediyon da suka ji hasashen, abin da aka ce da abin da ya faru, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Manomi yana yarda da dillalin da ya san tarihinsa, haka zai yarda da hasashen da ya ga an auna shi.

A 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki alkawarin cewa kafin ƙarshen 2027 kowane mutum a duniya zai kasance ƙarƙashin tsarin gargaɗin gaggawa. Ƙasar da ta ga farin 1973, lokacin da ruwan Kano ya tsaya a kusan rabin abin da aka saba, ta ga na 1984, ta kuma ga ɓallewar madatsar Bagauda a 1988, ba ta buƙatar a yi mata bayanin muhimmancin wannan alkawari. Amma ba daga Geneva za a cika shi a Ungogo ba. Majalisar dokokin jiha za ta iya sa kuɗin ma'aunai 484 da alawus ɗin masu karanta su a kasafin shekara mai zuwa ba tare da an ji nauyinsu ba, kuma duk ɗan majalisa ko shugaban ƙaramar hukumar da ya zo neman ƙuri'ar manoma ya cancanci a tambaye shi inda na mazaɓarsa yake.